Yadda Muka Ɗaga Daben Katako a Ɗakin Yayana Muka Kai Ga Fayif Mai Yoyo

Ga masu ƙarancin data, kamar kullum, ga shirin nan a rubuce.

Yau gida zan kai ku, can Madobi. Wani abu ya faru a gidanmu lokacin hunturun da ya wuce, na koyi darasi a ciki, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba. Maganar ita ce: idan fayif ɗin ruwa ya fashe a ƙarƙashin daben ɗaki, ya za a yi a kai gare shi ba tare da an lalata daben ba? A kan daben katako zan fi tsayawa, domin shi na gani da idona, amma zan taɓo tayil, tunda shi ne a gidajen yawancinmu.

To, ga yadda abin ya faro. Yayana ya gina ɓangarensa a cikin gidanmu na gado, ɗaki da falo da banɗaki a ciki. Da zai yi aure ya ce shi ba tayil zai sa a uwar ɗaka ba, daben katako yake so, irin wanda ya gani a wani ofis a Abuja. Mahaifiyarmu ta yi ta faɗa, ta ce katako a ƙasa ai gayyatar gara ce. Bai ji ba, ya sayar da buhunan shinkafa ya sa abinsa. Gaskiya kuma ɗakin ya yi kyau, 'yan jere ma sai da suka yi ta santi.

Shekara biyu lafiya lau. Matarsa ta haihu, ta tafi wankan gida, saura kamar kwana goma ta dawo. Rannan ya kira ni ya ce, “Zo ka ga wani abu.” Na shiga, sai na ji wani wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. A kusa da ƙofar banɗaki katakon ya kumbura, bakin allunan ya ɗaga, idan ka taka sai ka ji wani ɗan “caɓ” a ƙasa. Ga jariri na zuwa, ga kuɗi babu, domin shinkafar rani ko dashe ba a yi ba. Yaya ya zauna a bakin gado ya rafka tagumi.

Abu na farko da kowa ya ce a gidan shi ne, ai danshin ƙasa ne. Kuma maganar ba ta banza ba ce. Wanda ya san yankinmu, daga Madobi zuwa Kura, Garun Malam da Bunkure, ya san ƙasar ruwa ce. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwanta ke bin magudanai yana shayar da gonakin Kadawa da kewaye, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Rani da damina ana ban ruwa, shi ya sa a wurare da dama ruwan ƙasa yana kusa, gidan da ba a sa masa leda a ƙarƙashin dabe ba kuwa sai ka ga gindin bangonsa yana jiƙewa yana fitar da farin gishiri. To amma ruwa ba ya tsami banza. Danshin ƙasa yakan bi gindin bango ne a ɗakuna da yawa, ya fi tsanani da damina, ya ja baya da rani. Namu kuwa a wuri ɗaya yake, a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓen mutum ma tsagewa yake yi don bushewa.

Saboda haka darasi na ɗaya: kafin ka taɓa ko allo ɗaya, ka tabbatar yoyo ne. Ga yadda muka yi. Yawancin gidajenmu ba mita gare su ba, bohol ne da tanki a sama. Da daddare muka cika tanki, muka kashe injin, muka rufe duk kawunan famfo, muka ce kada wanda ya taɓa ruwa sai da safe. Na hau na zura sanda, na yi alama a inda ruwa ya tsaya. Da asuba na sake aunawa, ruwa ya sauka da santimita 5. Tankin da faɗin bakinsa ya kai mita ɗaya, kowace santimita tana ɗauke da kusan lita 8. Kun ga ke nan wajen lita 40 ta ɓace a dare ɗaya, fiye da jarka ɗaya da rabi ta 'yan garuwa.

Kada ku raina ɗigo. A yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400. Idan fayif yana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, to a rana yana zubar da wajen lita 20. A wata ɗaya lissafa da kanka, kuma duk a ƙarƙashin ɗakinka yake taruwa.

Amma saukar tanki ba ta gaya maka inda ruwan yake tafiya. Wani lokacin tankin masai ne ke tsiyaya a hankali ba a sani ba. Sai ka zuba ɗan bula a cikinsa, ka jira minti ashirin ba tare da an ja ruwa ba. Idan shuɗin ya fito a cikin kwanon, ka kama ɓarawo, ba ruwan dabe. Namu bai fito ba. Dare na biyu sai muka rufe makunnin da ke kai ruwa ɓangaren Yaya kaɗai, muka bar sauran gidan. Da safe tanki bai motsa ba. Shi ke nan, mun san yoyon yana kan layin da ya shiga ɗakinsa.

Aka kira mai aikin famfo. Yaro ne matashi, ya iya aikinsa na fayif, amma da ya leƙa ɗakin sai ya fita ya dawo da guduma da kurfi. Ya ce, “Yallaɓai, sai dai a fasa daga nan, a bi shi har a samu.” Wallahi na ga idon Yaya ya kawo ruwa. Allah ya taimake mu akwai wani dattijo kafinta, aminin mahaifinmu, da ya yi shekaru yana aiki a Kano da Kaduna kafin ya dawo gida. Aka aika aka ɗauko shi a babur. Ya shigo, ya cire takalmi, ya tsuguna, ya shafa allunan da hannu, ya dubi mai famfo ya ce, “Ɗana, ajiye gudumar nan. Abin da aka saka da dabara, da dabara ake kwance shi.”

Darasi na biyu daga bakinsa ya fito: ka fara sanin wane irin dabe ne a gabanka, domin daben katako iri uku ne, kuma kowanne da yadda ake cire shi.

Na farko shi ne wanda ake kira laminet, shi ne aka fi gani a gidaje da ofisoshi yanzu. Ba gundarin katako ba ne. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse shi da ƙarfi, aka manna hoton katako a sama, aka rufe da wani fata mai tauri. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, aka sayar da shi da sunan Pergo. Da farko da gam ake haɗa allunan, sai a shekarun 1990 aka fito da mai maƙalli, wanda bakin wannan allo ke shiga tsagin wancan ya kulle, ba gam ba ƙusa. Irin wannan daben ba ya manne da ƙasa ko kaɗan, a kwance kawai yake a kan wani siririn soso da leda. Shi ne ya fi sauƙin ɗagawa. Aibinsa ɗaya: idan cikinsa ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa daidai, ko ka shanya shi shekara.

Na biyu shi ne gundarin katako mai harshe da tsagi, wanda ake bugawa da ƙusa a kan wasu katakai da aka shimfiɗa a ƙasa. Na uku kuma shi ne wanda aka manna kai tsaye a kan siminti da gam, ko da kwalta a tsofaffin gine-gine.

Ya ake ganewa? Baba ya ce a cire ɗan ƙarfen da ke bakin ƙofa, wanda ya rufe mahaɗar daben da tayil ɗin falo. Daga nan kana ganin gefen allon. Namu kaurinsa milimita 8, cikinsa ruwan ƙasa kamar kwali mai tauri, da soso a ƙasansa, kuma da ya sa yatsa ya ɗan ɗaga sai ya motsa. Ya ce, “Alhamdu lillahi, mai maƙalli ne. Yau za mu gama.”

Kafin a fara, abubuwa huɗu. Aka rufe ruwa, aka buɗe famfon banɗaki ragowar ya tsiyaye. Aka kashe wutar ɓangaren gaba ɗaya, har da layin sola, saboda masu waya sukan bi da wayoyi ta ƙarƙashin dabe, ga kuma ruwa. Aka fitar da gado da durowa da komai. Sannan ya sa na ɗauki hoton ɗakin da waya ta kowace kusurwa.

Daga nan aka zo kan katakon gindin bango, wanda ake ce wa sikatin. Shi ne yake rufe ratar da aka bari tsakanin dabe da bango, kuma muddin yana nan allo ba zai ɗagu ba. Baba ya fara bin saman sa da reza ya yanke fentin da ya haɗa shi da bango, don kada fenti ya ɓallo. Sai ya zura faffaɗar wuƙar masu fenti a baya, ya sa ɗan guntun katako tsakanin ƙarfensa da bango, ya riƙa ɓamɓarowa kaɗan-kaɗan a daidai inda ƙusoshi suke. Da ya fito, bai buga ƙusoshin su koma ta gaba ba, ta baya ya zare su da filaya, don kada fuskar katakon ta tsage. Kowane guntu ya rubuta a bayansa: gabas, yamma, kudu.

To ga wurin da mutane suka fi yin kuskure. Ni a tunanina za a fara ne daga inda ya kumbura. Baba ya ce a'a. Daben mai maƙalli kamar saƙa yake, layi yana kulle da layi, ba a zare shi daga tsakiya. Daga inda mai sawa ya ƙare, daga nan kai za ka fara, ka riƙa komawa baya. Ya za ka gane inda ya ƙare? Dubi layukan da ke jikin bangaye biyu masu fuskantar juna. Galibi layin ƙarshe an tsaga shi a tsaye don ya shiga ragowar filin, sai ka gan shi siriri, bai kai sauran faɗi ba. A ɗakin Yaya layuka 18 ne, kuma siririn yana bangon da banɗaki yake. Mun yi sa'a ke nan. Da a ɗaya bangon yake, sai mun kwashe kusan duk ɗakin.

Sai lamba. Ya ba ni salatif na takarda da maka, ya ce kowane allo in manna masa suna kafin a ɗaga shi. Layin farko A1, A2, A3, na biyu B1, B2, B3, haka har ƙarshe, da ɗan kibiya mai nuna ɓangaren taga. Na ce, “Baba, ai duk iri ɗaya ne.” Ya yi dariya ya ce, “Ranar mayarwa za ka gane ba iri ɗaya ba ne.” Gaskiyarsa, domin allunan bakin bango kowanne da tsawon da aka yanka shi.

Yadda ake buɗe maƙallin kuwa shi ne asirin aikin gaba ɗaya. Ba a jan allo sama a miƙe, ba a kuma fizgarsa gefe. Mutum biyu ko uku za su jeru, su sa yatsu a ƙarƙashin gefen da ke jikin bango, su ɗaga layin gaba ɗaya a tare, a karkace, kamar ana buɗe murfin akwati kaɗan, abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Za ka ji ya yi sako-sako, sai a jawo shi baya a hankali, ya fita daga tsagin. Bayan layin ya fita ne ake raba allunan ta gajeren gefe. Wani irin ana karkata shi kamar yadda aka yi wa dogon gefe. Wani irin kuma sai an kwantar da su a ƙasa, a zame ɗaya gaba ɗaya baya, kamar ana zuge ƙofar gilashi. Ka gwada a hankali, wanda ya tafi ba gardama shi ne daidai.

A nan ne na yi tawa ɓarnar. A layi na uku na ga abin ya yi sauƙi, na ce bari in nuna ƙwazo. Na kama allo ɗaya na ɗaga shi sama ni kaɗai. Sai “ƙaras”, leɓen tsagin ya karye tsawon kamu guda. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Ka ga kuɗin allo ɗaya ya tafi. Zauna ka riƙa rubuta lamba.” Na koma kan salatif ɗina ba musu.

Allunan da aka cire a kwance ake jera su, a inuwa, a wuri mai iska, a sa 'yan sanduna tsakaninsu. Kada a jingina su da bango, za su lanƙwashe. Kada kuma a kai su rana, ranar Kano za ta murɗe su kafin la'asar.

Da muka naɗe soso da leda sai abin mamaki ya bayyana. Ruwa ya mamaye ƙasan layuka tara, amma inda ya kumbura ba nan ne tushen ba. Ruwa yana bin gangara ne a ƙarƙashin leda har ya sami mahaɗar da zai hau. Muka goge simintin tas da tsumma, muka sa fanka na awa biyu, sannan aka buɗe ruwa muka zuba ido. Bayan kamar minti ashirin sai wani wuri ya fara yin duhu, fiye da mita ɗaya daga inda muka zata. Ku duba fa, da an bi shawarar guduma, da an fasa inda babu komai, a yi ta bi ana fasawa.

Yanzu aiki ya dawo hannun mai famfo, kuma a nan ya nuna shi ma gwani ne. Ya zana murabba'i kamar faɗin sallaya rabi, ya yanka gefensa da giranda sama-sama, bai zurfafa ba, don kada ya yanke fayif ko waya. Ya ɗaure hanci, mu ma ya ce mu fita, ƙurar siminti ba abokiyar huhu ba ce. Ragowar da kurfi da ƙaramar guduma ya bi, yana kwantar da kurfin a karkace. Da ya kusa sai ya koma tono da hannu. Ga abin nan: farin fayif na PVC, a daidai gwiwar da ya juya zuwa banɗaki. Wanda ya yi aikin farko bai shafa gam sosai ba, kuma bai tura fayif ɗin ya kai ƙarshe ba. Shekara biyu yana riƙe da kyar, sannan ya saki.

A nan aka yi shawara. Za a iya yanke gwiwar a sa sabuwa, a shafa gam, a bar shi ya kwana kafin a saki ruwa. Amma Baba ya ce wa Yaya, “Wanda ya yi wannan mahaɗar shi ya yi sauran da ke ƙarƙashin ɗakin nan. Ka yarda da su?” Yaya ya yi shiru. Ƙarshe aka yanke layin daga waje aka toshe shi, aka ja sabo ta bayan ɗaki, a jikin bango, ya huda kai tsaye cikin banɗaki. Aka yi amfani da koren fayif ɗin nan na PPR da muka sayo a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Shi ba gam ake sa masa ba, da inji ake narka bakinsa a zafin digiri 260, na milimita 20 daƙiƙa biyar kawai yake so, a haɗa su su zama abu ɗaya. Abin lura, fayif ɗin roba da ke waje a rufe shi ko a yi masa fenti, rana tana cinye shi. Ka'idar da na riƙe daga ranar ita ce: idan da hali, kada a binne mahaɗar fayif a ƙarƙashin ɗakin kwana.

Kafin a rufe ramin muka sake gwajin tanki dare ɗaya. Ruwa bai sauka ko kaɗan ba. Kada ka taɓa yarda a zuba siminti ba a yi wannan gwajin ba, ko mai aikin ya rantse maka.

Saura abin da ya fi wuya, wato jira. Siminti ya sha ruwa na watanni, ga sabon faci. Magina a Turai suna lissafin kusan kwana ɗaya ga kowace milimita ta kaurin sabon dabe. Mu hunturu ya taimake mu, amma duk da haka ba a ido ake ganewa ba, saman yakan bushe ciki na jiƙe. Gwajin mai sauƙi ne: ka yanko leda mai haske kamar rabin mita ta kowane gefe, ka shimfiɗa a kan simintin, ka like gefunanta duka da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ga raɓa a cikinta, ko simintin ya yi duhu, bai bushe ba. A kwana na takwas muka gwada, leda ta yi gumi sharkaf.

Nan fa ake yin ta. Kun san al'ada, miji ne ke zarya gidan surukai yana roƙon a dawo masa da matarsa. Yaya kuwa sai ga shi ya je yana sunkuyar da kai yana roƙon a ƙara mata kwana goma sha biyu. Surukarsa ta dube shi ta ce, “Lafiya dai ko? Ko wata aka samo?” Sai da na tura hotunan ramin ta WhatsApp sannan hankali ya kwanta. Amma gara hakan. Ɗaki mai danshi yana tara fumfuna, jariri kuma ba ya jure ta, ga gara da ke bin danshi kamar an aike ta. A kwana na ashirin leda ta kwana a bushe.

Da aka zo lissafin asara, alluna huɗu sun kumbura ba su da amfani, ga na biyar da na karya. Yaya bai ajiye ragowa ba lokacin da aka yi aikin. Muka ɗauki guntu muka shiga Kano muka zaga shagunan kayan gini. Ku riƙe wannan: kala ba ita ce matsala ba, maƙalli ne. Na wani kamfani ba ya shiga na wani, ko da kauri ɗaya ne. Dole ka tafi da samfur ka gwada a gaban mai shago. Muka samu na kamfani ɗaya, amma ya ɗan fi namu duhu. Baba ya ce ba komai. Aka bar kwalin ya kwana biyu a cikin ɗakin don ya saba da iskar wurin. Sannan ya ɗauko tsofaffin alluna masu lafiya daga inda gado ke zama ya kai su fili, sababbin ya sa su a ƙarƙashin gado. Har yau matar Yaya ba ta lura ba, sai dai in ta ji wannan shirin.

Aka shimfiɗa sabuwar leda, bakin kowace ya hau kan 'yar uwarta, aka like, aka sa sabon soso, aka mayar da layuka bisa lamba, daga na ƙarshen cirewa zuwa na farko. A jikin bango aka bar rata ta milimita 8 zuwa 10. Wannan ratar ba kuskure ba ce. Katako yana tsukewa da hunturu, yana buɗewa da damina. Mu a hunturu muka mayar, lokacin da ya fi tsukewa, da mun matse shi da bango, watan Agusta sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Sikatin kuma a bango ake buga shi, ba a jikin daben ba.

Bari in koma kan sauran nau'o'in a taƙaice, kamar yadda Baba ya bayyana mana muna shan shayi. Idan gundarin katako ne mai harshe da tsagi, ƙusoshin a ɓoye suke, an buga su a karkace ta cikin harshen. A nan sai ka haƙura da allo ɗaya. A saita zarton inji daidai kaurin allon, kada ya wuce ko kaɗan, a tsaga shi gida biyu a tsaye, a cire tsakiyar da kurfi. Da an samu wannan ƙofar, sauran ana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ana sa ƙarfe a kusa da kowace ƙusa. Ranar mayarwa, allon ƙarshe ana yanke leɓen ƙasa na tsaginsa don ya zauna daga sama. Madadin wanda aka tsaga kuwa, kafinta zai iya fere maka a 'Yan Katako ta Na'ibawa idan ka kai samfur. Shi gundarin katako yana da wani alheri: idan ya jiƙe ya bushe a hankali, sau da yawa yakan dawo, a goge shi a sake shafa masa mai.

Wanda aka manna da gam shi ne mai taurin kai. Ana ɗan gasa shi da iska mai zafi gam ɗin ya yi laushi, ana zura faffaɗan ƙarfe a kwance. Wanda ya ce maka zai cire shi duka ba asara, bai gaya maka gaskiya ba.

Tayil kuma, fara da ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba. Wanda ya yi ƙarar fanko bai kama sosai ba, zai iya fitowa lafiya. Ka kankare simintin da ke cikin layukan kewaye da shi gaba ɗaya har ƙasa, domin shi ne ke kai girgiza ga maƙwabtansa su tsage. Sannan a zura faffaɗar wuƙa a kwance, a riƙa bugawa a hankali ta kowane gefe. Wanda ya kama gam-gam sai a fasa shi daga tsakiya, a tsira da na kewaye. A sa tabarau, tsinin tayil kamar reza yake.

To jama'a, ga wanda yake gini yanzu ko yake shirin aure, abu uku zan roƙe ka. Kafin a zuba dabe, ɗauki hoton duk inda fayif da waya suka bi, ka ajiye a inda ba zai ɓata ba. Ka sa wa kowane banɗaki makunninsa daban. Sannan ko tayil ne ko katako, ka sayi kwali ɗaya ƙari ka jefa a sito ka manta da shi. Ranar da za ka neme shi za ka yi mini addu'a.

Matar Yaya ta dawo, jariri yana nan yana rarrafe a kan daben. Mahaifiyarmu dai har gobe tana kan bakanta cewa tayil ya fi, kuma in gaskiya za a bi, a kusa da banɗaki tana da hujja. Baba kafinta ya ƙi karɓar ko sisi, sai da Yaya ya kai masa buhun shinkafa bayan girbi.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya san mai fama da irin wannan matsalar ya tura masa kafin a ɗauko guduma. Allah ya tsare mana gidajenmu, ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.